Ba a Bin Sawun Mai Sadaka

Kumfar ta bayyana ne da sassafe, a kan babban tafkin da ruwan fuggara, tsohuwar hanyar ruwa da kakanni suka haƙa, ke taruwa bayan ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, kafin a raba shi cikin gonakin dabinon Tilmas. Fara fat, ta yi tozo kamar an juye buhunan auduga. Kumfar sabulu da rana ta ɗaga take mutuwa. Wannan har la'asar tana nan, iska na yagarta tana liƙa wa dabinai. Si Hamu mai awon ruwa, wanda tun kakanni gidansu ke raba wa kowa rabonsa, ya sa sanda ya tsaga ta biyu, ta koma ta haɗe. Sai ya zauna a bakin tafkin ya ja rawani ya rufe fuska.

Da ma garin a cike yake, kumfar ta zo ta fasa shi. An jima tumaki na ɓari. Ga maƙoƙo a wuyan 'yan mata, ga ciwon ƙoda yana ɗaukar mutane ɗaya bayan ɗaya zuwa asibitin Adrar. Ta ƙarshe da ya ɗauka ita ce Lalla Mas'uda, matar Lakhdar mai bin sawu, wadda ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba. Kowa ya ce ruwa ba ya tsami banza. Wani ne ke zuba mana guba.

Ni da nake ba ku labarin nan ban taɓa zama a bencin makaranta ba, amma na ƙetare hamadar Tanezruft da salka ɗaya, kunama ta harbe ni ita ce ta mutu, kuma na raka kusan duk sa'o'ina maƙabarta na dawo da ƙafata. Don haka in na ce muku ba a taɓa yin mai bin sawu kamar Lakhdar ba, ku riƙe, domin ni ba kasafai nake yabon wani ba in ba ni ba.

Yakan dubi yashi ya ce raƙumar nan tana da ciki, mai janta kuma ɗan gari kaza ne, yana jin yunwa. Matarsa ma a ƙasa ya fara ganinta. Yana saurayi ya tarar da wani sawu a bakin rijiya, ƙafar hagu, 'yar yatsa ta biyu ta hau kan babbar, diddige na taɓa ƙasa kamar yana ba ta haƙuri. Ya bi shi har ƙofar gida, ya koma ya ce wa ubansa ya ga matar aure. Ɗa guda Allah ya ba su, Jilali, wanda ya zama ɗan kwana-kwana a wani filin jirgin sama can kudu, wutar ma'ajiyar mai ta cinye shi shekarun baya. Daga nan gidan ya koma mutum biyu da butar shayi.

Doka ɗaya Lakhdar ya gada daga ubansa: ana bin sawun ɓarawo, ana bin na ɓatacce, amma ba a bin sawun mai sadaka. Wata shekara ya tafi neman raƙuman wani attajiri, ya dawo ya tarar an gina sabil a hanyar maƙabarta, ɗan ɗakin ruwan sha na fisabilillahi, da famfo da moɗa da kwamin dabbobi, ba wanda ya san mai shi. Samari suka yi ta tsokanarsa ya fallasa musu. Tun daga ranar, duk sanda zai wuce wurin sai ya ɗaga kai sama kamar mai neman jinjirin wata.

Ranar da kumfar ta fito, ya je kan kabarin Mas'uda ya dafa ƙasar, ya rantse ba za a yi mata sadakar arba'in ba sai ya ɗora hannunsa a kan wanda ya yi wannan aiki.

*

Bai sha wahalar samun sawu ba. A bakin tafkin akwai takalmin roba mai zanen ƙashin kifi, ya zo sakayau ya koma da nauyi a hannun dama. Sawun ya kai shi wurin wankin motar Tayib, wani baƙo daga arewa da ya zo da mata da 'ya'ya biyu ya kafa sana'a a bakin titi. Kumfar sabulu na gangarawa daga wurin cikin kwata.

Ya tarar an riga shi. Buzid mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tara mutane, muryarsa ta fi ta kowa, yana cewa tun da uwarsa ta haife shi bai ga kumfa a Tilmas ba sai da wannan mutumin ya sauka. Har an fasa wa Tayib injin feshi.

Tayib ya amsa cewa takalminsa ne. Ya ce ba shi da rabo a ruwan garin, shi ya sa yakan saci jarka ɗaya da sassafe don girkin matarsa. Wannan laifin ya ɗauka.

"Baba Lakhdar, kai da ake cewa kana karanta ƙasa," ya ce, leɓensa na jini, "da kaya na zo ko da kaya na koma?"

Lakhdar ya san amsar. Mai zuba guba da nauyi yake zuwa ya koma sakayau. Amma mutumin da ya binne matarsa ba amsa yake nema ba, wuya yake nema ya shaƙe. Ya yi shiru, kuma shirunsa aka ɗauka hukunci. Dattawan gari suka yanke cewa da an watse daga sadakar arba'in ta Mas'uda, Tayib ya kwashe iyalinsa ya bar Tilmas, in ba haka ba babu ruwansu da abin da samari za su yi.

*

Ana cikin haka Dakta Wahiba ta sauka. Wani likitan Adrar ne ya ga masu ciwon ƙoda daga gari ɗaya sun yi yawa, ya aika da jininsu ɗakin gwajinta a Wahran. Doguwa ce, mai saurin magana, da akwatin ƙanƙara cike da kwalabe. Aka haɗa ta da Lakhdar don ya san kowane lungu.

Bai so ta ba da farko. Ya zuba mata shayi yana kallon takalmanta, ya ce ya riga ya san mai laifi. Ta ce to madalla, shi ya fi ta, don ita ko sunan gubar ba ta sani ba. Ta buɗe kwamfuta a kan tabarma. Ta ce tana da wani inji a Wahran, girman firiji, wanda ke tarwatsa abin da ke cikin ɗigon jini ko na ruwa, ya ɗora kowace ƙwaya a sikeli ya faɗi nauyinta. Gubar da aka sani, da ganin nauyinta an san sunanta. Wannan kuwa an duba ko'ina, babu wanda ya taɓa raɗa mata suna.

"To me kika zo nema, 'yata? Abin da ba shi da suna?"

"Kai duk ɓarayin da ka kama, sai da suka gaya maka sunansu ka bi su?"

Ya ajiye butar. Ta nuna masa wasu layuka a tsaye a kan allon, kamar sandunan shinge. Ta ce ya duba tazarar da ke tsakaninsu. Daga wannan zuwa wannan hamsin, daga wancan zuwa na gaba hamsin, har ƙarshe. Kuma ba hamsin cif ba, hamsin saura ƙiris, wannan ƙiris ɗin shi ne tambarin wani sinadari da ake kira fulorin. 'Yan gida ɗaya ne, kowa ya fi ƙanensa da gaɓa guda.

Lakhdar ya matso har gemunsa na taɓa allon. Ya auna tazarar da yatsu biyu, ya ɗaga ya sake aunawa.

"Ayari ne," ya ce. "Takunsu ɗaya. Kuma suna ɗingishi."

Ta ce haka ne, kuma dangin nan hannun mutum ne ya ƙera su, ba sa ruɓewa, wuta ba ta cinsu da sauƙi, in sun shiga jini sai su yi zamansu. Ana samunsu a tukwanen da abinci ba ya kamawa, da tufafin da ruwa ba ya jiƙawa, da kumfar kashe gobarar mai. Da ta ambaci gobara sai ya kau da kai wajen hoton Jilali da ke bango, ita kuma ta gane ta taka wani abu.

Can ya tambaye ta ko jinin matarsa na ciki. Ta ɗan jima kafin ta danna. Layukan suka miƙe har suka kusa fita daga allon. Ta ce duk garin babu wanda ya kai ta.

Suka cika kwalabe, aka sa su a jirgin Wahran. Da sakamako ya dawo, ruwan kwatar Tayib sabulu ne da dattin mota, babu ayarin a ciki. Lakhdar ya ce injin ƙarya yake. Ta ce to shi yashin ma ƙarya ya yi masa?

*

Daga nan suka shiga gida-gida. Tambayarta ɗaya ce: wane ruwa kuke sha? Wannan ya ce rijiyar gidansu, wancan ya ce famfon gwamnati, wata ta ce rabonsu na fuggara tun zamanin kakarta. Kowa kuma sai ya ƙara da nasa zargin. Wata tsohuwa ta ce aljanun fuggara ne aka daina yi musu yanka. Wani ya ja Lakhdar gefe ya ce a binciki surukinsa. Buzid ya ba su lemo mai sanyi a tsakiyar tarin ƙarafansa, ya ce wa Dakta ita dai ta huta, an riga an gama shari'a.

Duk ruwan da aka nuna mata ta gwada. Mafarin fuggara tas yake. Rijiyoyi tas. Tafkin kaɗai ke da gubar, ita ma ba ta kai ta cika jinin mutane haka ba. Ta ce lallai akwai ruwan da ake ɓoye mata. Ran Lakhdar ya ɓaci, ya ce mutanen Tilmas suna da gulma da rowa, amma ba sa ƙarya a kan ruwa.

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a rai, Si Hamu, abokinsa tun suna hawan jaki tare. Ya lura sawunsa ya sauya, yana tafiya da nauyin buhu a kafaɗa, ga garin siminti a gefen takalminsa.

"Kai tsohon kwaɗo, gini ka koma yi da tsufanka?"

"Dila, ka rabu da ƙafata. Ka je ka shinshina ta wani."

Ya matsa masa. Si Hamu ya rantse bai taɓa zuba ko ƙwayar gishiri a ruwan garin ba. Sauran kuwa, ya ce akwai alƙawarin da ya ɗauka da hannunsa a kan Alƙur'ani, wanda ya ɗauka wa kuma ba ya inda za a je a nemi ya warware. Ya faɗi haka idonsa na kan gemun Lakhdar, ya ƙi haɗa ido da shi.

Sai Lakhdar ya daina tambayar bakuna. Ya ce wa Dakta ta gaya masa waɗanda jininsu ya fi cika, shi kuma zai tambayi ƙasa. Tun da ba a ga sawun mai laifi ba, a bi na waɗanda aka cuta. Ta lissafa masa: masu aikin gona, masu haƙar kabari, matan da ke ziyarar mamata, sai wani tsoho da ya zo na biyu bayan Mas'uda. Tsohon nan ni ne. Gubar da ta kwantar da samari tana cikin jinina cunkus, ga ni kuwa ina fasa ƙwallon dabino da haƙorana.

Ya bi sawuna tun daga ƙofar gidana. Ya bi na mai haƙar kabari. Ya bi na wata gwauruwa da 'yarta ke da maƙoƙo. Gidajenmu ba ɗaya ba, gonakinmu ba ɗaya ba, amma a hanyar maƙabarta kowane sawu sai ya karkata dama, ya tsaya ƙafa biyu a haɗe, sannan ya ci gaba. Wuri ne da Lakhdar ya shekara da shekaru bai dubi ƙasarsa ba.

Ya same ni a inuwar masallaci, Dakta na biye da shi.

"Kai ba ka ce mata rijiyarka kaɗai kake sha ba?"

"Ita kaɗai. In ƙarya nake, Allah ya haɗa ni da surukata a kabari ɗaya."

"Sabil fa?"

"Wannan ai ba sha ba ne, gaisuwa ce."

Dakta ta dube mu. Dole Lakhdar ya fassara mata abin da ko yaron goye ya sani a Tilmas. Wanda ya kurɓi ruwan sabil ba ya cewa na sha. Cewa yake na gaida masu kwanciya, domin ladan na mamata ne, kai ɗan aike ne kawai. Ta tambayi gari guda abin da suke sha, gari guda ya gaya mata gaskiya. Da ta tambayi wa suke gaisarwa, da tuni an gama.

*

Rana ta take tsaka suka isa. Lakhdar ya tsaya nesa kaɗan, kansa a sama bisa sabo. Sai ya nemi gafarar ubansa a zuci, ya sauke ido.

A bayan ginin akwai tsaga da aka toshe da sabon siminti, aikin Si Hamu. Daga ƙarƙashinta wata jiƙaƙƙiyar hanya ta gangara ta faɗa bakin fuggara. Dakta ta tari ruwan famfon a kwalba ta girgiza. Kumfa ta taso har wuya, ta tsaya, ta ƙi mutuwa.

Ya aro diga ya fasa bangon baya. A ciki akwai wani jan tanki na ƙarfe, an goge rubutun jikinsa da injin gurza, amma ja irin wannan mota ɗaya ce ke da shi a duniya. Dakta ta leƙa ta ce tankin kumfar 'yan kwana-kwana ne, irin wanda doka ta ce a kai a hallaka, ba a sa masa ko ruwan wanki. Tana ta magana, shi bai ji ba. Idonsa na kan daɓen da tankin ke zaune, wanda aka kwaɓa da laka da siminti aka tattake da ƙafa. Mai tattakawar ya shafe sawunsa duka da ludayin magini, sai guda ɗaya can lungu da hannu bai kai ba.

Ƙafar hagu. 'Yar yatsa ta biyu ta hau kan babbar.

Ya durƙusa. Dakta ta tambaye shi ko ya san mai shi. Digar na hannunsa, bugu ɗaya ya isa ya mayar da wurin tsakuwa, ita kuwa ba ta iya karanta ƙasa ba. Ya ajiye digar, ya shimfiɗa tafinsa a cikin sawun. Sanyi ne da shi. Ya tuna duk safiya Mas'uda takan ce za ta je ta gaida Jilali, ta dawo gefen mayafinta a jiƙe, ta ƙi shayin farko ta ce ba ta jin ƙishi.

Si Hamu ya iso yana haki, don ya ji ƙarar diga. Da ya ga inda hannun abokinsa yake sai ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ba zai ce komai ba, alƙawari na wuyansa. Amma ya roƙe shi ya rufe bangon. A ce ba a san mai shi ba. Mace ta sayar da awarwaronta ta ɓoye alherinta ko mijinta bai sani ba, yanzu a tsaya gaban gari a ce ita ta shayar da su ciwo?

Lakhdar ya ce ya ji. Ya roƙi Dakta ta aika da kwalbar, kada ta ce wa kowa komai sai ranar arba'in.

*

Ranar sadakar, gidan ya cika har waje. Aka sauke Alƙur'ani, aka ci kuskus da naman rago. Dattawa na kan darduma, Buzid a kusa da su, Si Hamu a lungu. Tayib ma Lakhdar ya aika ya zo, ya rakuɓe a bakin ƙofa, motarsa a waje an riga an ɗaure katifu a samanta.

Dakta ta fara. Ta ce sakamako ya dawo, ayarin da ke jinin mutane shi ne a tankin sabil, taku ɗaya, kuma ya ninka na tafki ba iyaka. Dole a rufe shi yau.

Wurin ya kaure. Wani dattijo ya ce yarinyar nan ta san abin da take faɗa kuwa? Sabil wakafi ne, hannun da ya rufe shi ya yanke wa mamaci lada. Ba mai taɓa shi sai mai shi ko magajinsa, su kuwa ba a san su ba. Buzid ya miƙe ya ce in ma akwai guba a ciki, a tambayi wanda ke yawo da jarka da sassafe. Samari suka fara juyawa wajen ƙofa. Tayib ya dafa bango.

Lakhdar ya tashi. Ya tsufa a 'yan kwanakin nan fiye da yadda ya tsufa a shekara goma. Ya ce wa Tayib tun ranar farko ƙasa ta wanke shi, shi ne ya ƙi faɗa, ya yafe masa. Sannan ya juya ga dattawa.

"Kun ce sai magaji. Ga shi a gabanku. Wadda kuka ci abincin sadakarta yanzu, ita ta gina shi, don Jilali." Ya juya wajen lungu. "Hamu, ba ta bar kowa ba sai ni. Alƙawarinta ya dawo hannuna. Na warware maka."

Daga ɓangaren mata wani kuka ya tashi, aka rufe shi da mayafi. Si Hamu ya yi bayani kansa a ƙasa. Ya ce ta zo masa ne bayan rasuwar yaron, tana son sabil, amma ba da kowane tanki ba. Ta ji Buzid na kwaso tsofaffin kaya daga filin jirgin da Jilali ya yi aiki, tana son abin da hannun ɗanta ya taɓa ya riƙa shayar da mutane. Buzid ya kawo shi a lulluɓe, rubutun a goge. Shi kuma ya ja mata bututu. Da tankin ya tsage kumfa ta fito, ya gane, ya je ya toshe, yana fatan abin ya tsaya nan.

Aka juya ga Buzid. Ya fara musu, sai ya ga idon Si Hamu, ya sauya. Ya ce e, an ba shi tankin ya kai inda ake hallakawa, ya ga asara ce. Amma shi Musulmi ne, bai ba ta da datti ba.

"Na wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ko kare ne ya yi lallagi a ƙwarya, iyakarta ke nan. Ita ma da hannunta ta sake yi masa bakwai. Ku tambayi liman, akwai najasar da ta wuce wannan?"

Kowa a wurin da shi ne haka zai yi. Dakta ce ta yi magana, a hankali.

"Wanda ya saukar da wannan hukunci, najasar da Ya halitta Ya yi wa. Wannan mu muka ƙera ta. Ko sau dubu aka wanke, tana nan cikin ƙarfen tana fitowa kaɗan-kaɗan."

Lakhdar ya tako har gaban Buzid. Kowa ya san rantsuwar da ya yi a kan kabari, aka buɗa masa hanya. Ya tambaye shi abu ɗaya: in ya yarda wanki ya isa, me ya sa ya gurje rubutun? Buzid ya ja da baya. Lakhdar ya ɗaga hannu, ya dube shi, ya mayar cikin aljihu. Ya ce a kira jandarmomi, shi ya riga ya cika rantsuwarsa, ya ɗora hannun a inda ya ce zai ɗora.

*

Da kansa ya rushe sabil ɗin, bai yarda kowa ya kama masa ba. Motar hukuma ta zo ta ɗauke tankin. Ya yanko guntun daɓen nan ya naɗe a rawaninsa ya kai gida, yana nan ƙarƙashin hoton Jilali. Dakta ta ce sabuwar gubar tana buƙatar suna a takardun masana, ko yana da wanda yake so. Ya ce ta sa mata lamba, suna na mutane ne.

Wasu sun daina ambaton Mas'uda a addu'a. Gwauruwar nan mai 'ya da maƙoƙo ta fi shekara ba ta gaishe shi ba, bai kuma ga laifinta ba. Tayib ya sauke katifunsa, aka yanka masa rabo a fuggara. Ni kuwa Dakta ta ce gubar za ta daɗe a jikina fiye da sauran kwanana. Na ce mata ba ta san ni ba ne, mu zuba mu gani.

Lakhdar bai ƙara bin sawu ba. An zo daga nesa da raƙuma ɓatattu, ya ce idonsa ya mutu, alhali yana zura zare a allura. Da sanyi ya fita, wata safiya aka wayi gari da sabuwar randar ƙasa a inda sabil yake, cike da ruwan rijiya, da moɗa a rataye. Ƙasar wurin a jiƙe take, sawu kwance a kai ɓaro-ɓaro, ko ni da ba sana'ata ba na kusa karantawa. Muna tsaye ya zo wucewa, zai je kabarin Mas'uda kamar kullum. Na ce, Lakhdar, ba ka duba mana ba?

Ya tsaya. Ya laluba ya ɗebi moɗa guda, ya gaida masu kwanciya. Ya wuce kansa a sama, ruwa na bin gemunsa, wanda ba na moɗar ba ne.